Sarautar Marlborough: yaya aka yi ta bi ta hannun mace, kuma me ya hana Winston Churchill gadonta?

DanKurmi78: Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun daren jiya. Muna hira a majalisarmu ta bayan isha'i sai wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya ce sarautun gado na manyan gidajen Birtaniya mace ba ta gadonsu ko kaɗan, babban ɗa namiji ne kawai. Ya kawo misalin Duke na Westminster na yanzu, wanda ya gaji mahaifinsa a 2016 yana ɗan shekara 25, alhali yana da yayye mata biyu. Ni kuma na taɓa jin cewa sarautar gidan su Winston Churchill, wato Marlborough, mace ta taɓa riƙe ta da kanta, ba don tana auren mai sarautar ba. Wanne ne gaskiya? Tambaya ta biyu kuma: tunda gidansu ne, har an ce a cikin fadar aka haife shi, me ya hana Winston zama Duke? Ni na ɗauka ƙwace aka yi masa. Masu ilimin tarihi a taimaka mana.

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam Malam DanKurmi. Kai da abokinka duk kun yi gaskiya. Ka'idar da ya faɗa ita ce ta yawancin sarautun Ingila, Marlborough kuwa togaciya ce da majalisar dokoki ta yi da hannunta.

Ga yadda abin ya faro. John Churchill soja ne, an haife shi a 1650, ɗan wani mutum mai mutunci amma marar dukiya sosai. Sarki William na Uku ya ba shi sarautar Earl na Marlborough a 1689, Sarauniya Anne kuma ta ɗaga shi zuwa Duke a ƙarshen 1702. Takardar naɗin ta ce sarautar za ta bi 'ya'yansa maza da zuriyarsu maza. Yana da ɗa namiji guda ɗaya da ya rayu ya girma, shi ma John, yana karatu a Cambridge. Ko wata uku ba a yi da naɗin ba, a Fabrairun 1703, agana ta kama yaron ya rasu bai kai shekara ashirin ba. Aka bar uban da 'ya'ya mata huɗu: Henrietta, Anne, Elizabeth da Mary. Da an bar takardar yadda take, ranar da ya mutu sarautar ta mutu tare da shi.

Sai ga yaƙin Blenheim ranar 13 ga Agusta 1704, inda ya karya rundunar Faransa da ta Bavariya a bakin kogin Danube, sannan yaƙin Ramillies a 1706. Bayan wannan ne, a ƙarshen 1706, majalisa ta yi doka ta musamman cewa sarautar za ta iya wucewa ga 'ya'yansa mata. Da ya rasu a 1722 babbar 'yarsa Henrietta ta gaje shi, kuma a lissafin masu sarautar ita ce ta biyu.

Ummu_Khairat: Masha Allah, na ji daɗin wannan. Ke nan tun shekara ɗari uku da suka wuce an buɗe wa matan gidan ƙofa. To Malam, bayan Henrietta mata nawa suka riƙe?

Malam_Tarihi: Ko ɗaya, Hajiya. Daga 1733 zuwa yau maza ne zalla.

Ummu_Khairat: A'a, to ina amfanin dokar?

Lauya_Zazzau: Hajiya Ummu Khairat, sai an karanta dokar da kyau za a ga abin da aka nufa da ita. Ba a yi ta don daidaita mace da namiji ba, an yi ta ne don kada sunan mutum ɗaya ya ɓace. Tsarin da ta shimfiɗa shi ne: Henrietta da zuriyarta maza, idan sun ƙare sai Anne da zuriyarta maza, sai Elizabeth, sai Mary, bi da bi. Sai duk waɗannan rassan maza sun ƙare ƙaf sannan a waiwayi jikoki mata.

Abin da ya faru a 1733 ya nuna haka ƙarara. Ɗan Henrietta namiji, William Godolphin, ya riga ta rasuwa a 1731 bai bar ɗa ba. Lokacin da ita ta rasu tana da 'ya'ya mata biyu da ransu, ɗaya ma tana auren Duke na Newcastle. Aka tsallake su duka, sarautar ta tafi ga ɗan ƙanwarta Anne, wato Charles Spencer, alhali ita Anne ta rasu tun 1716. Mace a wannan tsari gada ce da ake bi a haye zuwa ga namiji na gaba. Henrietta ce kaɗai ta samu ta zauna a kai shekara goma sha ɗaya.

DanKurmi78: Tsaya ranka ya daɗe, Spencer kuma? Irin Spencer na su Gimbiya Diana?

Malam_Tarihi: Su ɗin ne, tsatso ɗaya. Anne Churchill ta auri Charles Spencer, Earl na Sunderland na uku. Ɗansu Charles ya zama Duke na Marlborough na uku, sai ya bar wa ƙanensa John gidan gadon Spencer da ke Althorp. Ita kuma kakarsu Sarah, matar Duke na farko, wadda ta rayu har 1744 kuma tana cikin mafiya arzikin Ingila, ta bar wa shi John ɗin mafi yawan dukiyarta ta kanta. Ɗan wannan John shi aka naɗa Earl Spencer na farko a 1765, daga shi Diana ta fito. Don haka Winston da Diana kakansu na can sama ɗaya ne, kuma ta wajen uba Winston Spencer ne, Churchill ta wajen kaka mace ya zo.

Sama da shekara tamanin masu sarautar Marlborough suna amsa sunan Spencer kawai. Sai a 1817 Duke na biyar ya nemi izinin sarki ya ƙara Churchill, suka koma Spencer-Churchill. Shekara biyu ke nan bayan yaƙin Waterloo da aka karya Napoleon, lokacin da sunan Wellington, jagoran sojan Ingila a yaƙin, ya cika ƙasa, kuma ni a ganina gidan ya so ne a tuna cewa su ma suna da nasu gwarzon.

Baba_Alhaji_Gwammaja: 'Ya'yana, ku yi mini a hankali. Duke, Earl, ni duk sun cakuɗe mini. Wanne ya fi wanne?

Bature_Coventry: Baba, matakai biyar ne. Duke ne a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron a ƙasa. Mutum ɗaya yakan tara da yawa. Duke na Marlborough shi ne kuma Marquess na Blandford, shi ne Earl na Sunderland, da wasu ƙanana. Al'adarsu ita ce babban ɗansa ya ari ta biyun a riƙa kiransa Marquess na Blandford, jikan kuma a kira shi Earl na Sunderland. Aro ne kawai na girmamawa, ainihin sarautun suna hannun uban.

Baba_Alhaji_Gwammaja: Madalla, Allah ya yi albarka. Kamar Ciroma ke nan.

Lauya_Zazzau: Da ɗan kama Baba, amma da bambanci babba. Ciroma ba dole ne ya gaji sarki ba, masu zaɓen sarki ne za su zauna su duba cikin 'ya'yan gidan. A can babu masu zaɓe, babu gwamna, babu neman kamun ƙafa. Numfashin uba na fita, ɗan ya zama Duke tun kafin a wanke gawa, ko yana jariri, ko yana wata ƙasa, ko ba a shiri da shi.

Sadiq_Injiniya: An bar tambaya ta biyu fa. Winston.

Malam_Tarihi: Ina zuwa gare ta. Ba wanda ya ƙwace masa komai, ɗan ƙaramin ɗaki ne. Kakansa shi ne Duke na bakwai, wanda ya rasu a 1883. Mahaifinsa Lord Randolph ƙane ne, sarautar ta tafi ga wansa George, Duke na takwas. George ya rasu a 1892, ɗansa Charles ya zama na tara. Charles da Winston ɗan wa da ɗan ƙane ne, kuma aminan juna ne har mutuwa. Haihuwar Winston a fadar Blenheim ranar 30 ga Nuwamba 1874 ta zo ne don iyayensa sun je can ziyara naƙuda ta kama mahaifiyar.

Amma ya kusa. Randolph ya rasu a Janairun 1895, a lokacin Duke na tara bai ma yi aure ba, don haka Winston ne magajin da ke layi. Haka ya zauna fiye da shekara biyu. Sai a Satumban 1897 aka haifa wa Duke ɗa namiji, wanda daga baya ya zama na goma, Winston ya ja da baya. Matar Duke ɗin, Consuelo, ta ba da labari a tarihin rayuwarta cewa tana sabuwar amarya kakar mijinta ta zaunar da ita ta ce mata aikinta na farko shi ne ta haifi ɗa namiji, don ba za ta iya jure ganin Winston ya zama Duke ba.

Sadiq_Injiniya: Wallahi wannan haihuwar ta 1897 rahama ce gare shi. Da ya gaji sarautar, dole ya zauna a majalisar iyayen ƙasa, wato ta masu sarauta, ba shi da ikon tsayawa takarar majalisar wakilai, kuma a zamanin babu hanyar ajiye sarauta. Firayim minista na ƙarshe da ya yi cikakken mulki daga majalisar iyayen ƙasa shi ne Salisbury, wanda ya sauka a 1902. A Mayun 1940 mutum biyu ake dubawa don kujerar firayim minista, Halifax, wanda mai sarautar gado ne, da Churchill, kuma dalilin da Halifax ya bayar na janyewa shi ne ba zai iya jagorantar yaƙi daga waccan majalisar ba. Ku ɗora Winston a wannan matsayin ku gani. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma wani rashin shi ne samun.

Hafsat_Kaduna: Yaya Sadiq, ka ce a zamanin babu hanyar ajiye ta. Yanzu akwai?

Lauya_Zazzau: Akwai, tun dokar 1963. Wani ɗan majalisa, Tony Benn, shi ya yi fafutukarta. Mahaifinsa ya rasu a 1960 ya gaji sarautar Viscount Stansgate ba da sonsa ba, aka hana shi kujerarsa duk da mutanen Bristol sun sake zaɓarsa. Da dokar ta fito ya ajiye sarautar. A shekarar kuma Earl na Home na 14 ya ajiye tasa ya yi firayim minista da sunan Alec Douglas-Home. Amma ajiyewar ta tsawon rayuwar mutum ce kawai. Benn na rasuwa a 2014 babban ɗansa ya ɗauke ta. Wannan dokar ce kuma ta fara bai wa mata masu sarautar gado damar zama a majalisar iyayen ƙasa. Ke nan ko Henrietta, da duk girmanta, ba ta taɓa samun kujera a ciki ba.

Bature_Coventry: Bari in ba ku abin da idona ya gani, don na je Blenheim da iyalina a wani hutun bazara. Daga Oxford muka hau bas zuwa wani ƙaramin gari, Woodstock, tafiyar kamar rabin awa. Ka bi wani titi mai ƙananan shaguna, ka shiga wata ƙofar dutse, sai kawai fili ya buɗe: tafki, ƙatuwar gada, ga fadar can gefe launin zuma. Ɗana ƙarami ya tambaye ni ko nan Sarauniya take kwana. Ɗakin da aka haifi Winston kuwa ɗan ƙarami ne a ƙasa, bangonsa da zanen furanni, gado ɗaya, ba wani ƙawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata doguwar hasumiya can cikin filin, da gunkin John Churchill a ƙololuwarta, tumaki suna kiwo a gindinta. Na ƙarasa na duba, ashe dokokin majalisar da suka ba shi filin da gadon an sassaƙa su a jikin dutsen gindin, rubutu sitif-sitif. Na tsaya ina bi da yatsa har wuyana ya gaji. Matarsa ba ta yarda takarda kaɗai ta riƙe maganar ba, sai da ta sa aka rubuta a dutse inda kowa zai gani.

Mai yi mana jagora ta ce har yau ana biyan haya: kowace shekara a zagayowar ranar yaƙin sai gidan ya aika wa sarki da ƙaramar tuta irin ta sarakunan Faransa na da, a kai fadar Windsor. Daga nan muka taka zuwa ƙauyen Bladon inda aka binne Winston a 1965, maƙabartar coci ce ƙarama, kusa da iyayensa.

Ummu_Khairat: Sarauniya ce ta gina masa duka?

Malam_Tarihi: Ta fara, ba ta ƙarasa ba. An sa harsashi a 1705 da kuɗin baitulmali. Sarah ƙawar Sarauniya Anne ce tun suna 'yan mata, kusancinsu ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukakar mijin. Da suka ɓata, komai ya juye: aka sauke Duke daga muƙamansa a ƙarshen 1711, aka tsayar da kuɗin gini a 1712, suka bar ƙasar, ba su dawo ba sai da Anne ta rasu a 1714. Da aljihunsu suka ci gaba. Sarah ta yi ta rigima da mai zanen ginin, Vanbrugh, kan tsada har ya ajiye aikin a 1716, kuma da ya zo daga baya don ya ga abin da ya zana aka hana shi shiga. Shi Duke ya rasu ba a gama ba.

Nura_Kasuwa: Ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. Gida irin wannan da me ake riƙe shi? Sarauta ba ta gyara rufi.

Sadiq_Injiniya: Nan ne gizo ke saƙar, Alhaji Nura. Duke na biyar almubazzari ne, ya ci bashi har aka yi gwanjon littattafansa. Na bakwai ya sayar da duwatsu masu daraja na gidan a 1875, sannan babban ɗakin karatun Sunderland a farkon shekarun 1880. Na takwas ya shiga zane-zane: hoto ɗaya na mai zane Raphael gidan adana zane na ƙasa da ke Landan ya saya fam 70,000 a 1885. Lokacin kuma alkamar Amurka mai araha ta karya farashin amfanin gona, kuɗin hayar gonaki ya faɗi. Sai suka juya ga aure. Na takwas ya auri wata bazawara Ba'amurkiya mai kuɗi a 1888. Na tara ya auri Consuelo Vanderbilt a New York a 1895, 'yar gidan attajiran jirgin ƙasa, ta zo da hannun jarin dala miliyan biyu da rabi. Da wannan aka farfaɗo da Blenheim. Daga 1950 kuma Duke na goma ya buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido su biya su shiga, kuɗin su Malam Bature ke nan.

Nura_Kasuwa: Sadakin dala miliyan biyu da rabi!

Hafsat_Kaduna: Ba sadaki ba ne Alhaji, daga gidan amarya ya fito, ya fi kama da gara. Kuma ni wannan labarin ba ya burge ni ko kaɗan. Yarinyar shekararta 18, tana da wanda take so, uwarta ta tilasta mata. Ta haifa musu maza biyu, suka rabu a 1906, aka kashe auren a 1921. Ita uwar da bakinta ta ba da shaida daga baya cewa dole ta yi mata, shi ya sa cocin Katolika ya warware auren a 1926. Ku duba da kyau: mace ce ta ceci sarautar a 1722, mace ce ta kai ta gidan Spencer, kuɗin mace ne ya gyara rufin a 1895, amma da Consuelo mata zalla ta haifa da ba ɗayarsu da za ta samu ko kujera a gidan. Wannan yana ci mini rai.

Abu_Sumayya: 'Yar'uwa Hafsat, na fahimce ki, amma a raba abu biyu. Sarauta daban, dukiya daban. Sarauta ba ta rabuwa, dole mutum ɗaya ya ɗauka, kuma kowace al'umma da yadda take zaɓarsa. Inda nake ganin zaluncin shi ne dukiyar da aka ɗaure a jikin sarautar, ɗa ɗaya ya kwashe gida da gonaki sauran su tashi da abin da aka ga dama. Alhamdu lillahi da shari'armu ta yanka wa 'ya mace da uwa da mata rabonsu, babu mai ikon hana su.

Nura_Kasuwa: Gaskiya ne Malam, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma zan faɗi abin da na gani. Gidan kakanmu zaure biyu ne da turaka da sassa bakwai, da rijiya da wata tsohuwar bishiyar dabino a tsakar gida. Da ya rasu magada sun haura ashirin, ba wanda ke da ƙarfin sayen rabon sauran, aka sayar aka raba kuɗin. Yau shaguna ne a wurin. Ranar da aka sare dabinon nan mahaifiyata ba ta ci abinci ba. Da muka ji labarin gida ɗaya a hannun zuriya ɗaya shekara ɗari uku, sai na gane abin da suke tsoro.

Abu_Sumayya: Allah ya jiƙan kaka. Amma Alhaji muna da maganin wannan, waƙafi na zuriya. Mutum yana da rai da lafiya ya tsayar da gida ga 'ya'yansa maza da mata, ba a sayarwa ba a rabawa. Mu ne muka yi sakaci da shi.

Lauya_Zazzau: Su ma can ɗin abin da suka koma ke nan a aikace. Blenheim yanzu amintattu ne ke gudanar da ita, kuma tun 1987 tana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su. A 1994 Duke na 11 ya je kotu don kada ragamar dukiyar ta faɗa hannun babban ɗansa kai tsaye, saboda matsalolin da ɗan ya shiga a lokacin. Dukiyar ya iya killacewa, sarautar kuwa ba shi da iko a kanta. Da ya rasu a Oktoban 2014 wannan ɗan, James, ya zama Duke na 12. Uba ba ya cire ɗa, sarki ma ba ya cirewa da kansa, sai majalisa ta yi doka, kamar ta 1917 da aka yi amfani da ita aka tuɓe Duke na Cumberland da na Albany don sun goyi bayan Jamus a yaƙin duniya na farko.

Jikan_Mai_Tuta: Ina ta karantawa shiru. Akwai abin da ya haɗa gidan nan da mu da ba wanda ya ambata. Shi wannan Duke na tara, mijin Consuelo, shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1903 zuwa 1905, wato ya hau a shekarar da aka ci Kano da Sakkwato aka yi Burmi. Da gwamnati ta canja a ƙarshen 1905, wanda ya karɓi kujerar daga hannunsa ɗan baffansa ne Winston, ya riƙe har 1908. Yana wannan ofishin aka yi Satiru a 1906. Rahotannin Lugga a teburinsu suke sauka. Ina karanta tarihinsu don in san su waye suka yi hukunci a kan kakanninmu, amma ba na iya kallon fadar da sha'awa zalla.

Malam_Tarihi: Ka kawo magana mai nauyi, kuma haka take. Shi kansa Lugga misali ne na tambayar farko. An ba shi sarautar Baron ta gado a 1928, matarsa Flora Shaw ta rasu a 1929, ba su haihu ba, da ya mutu a 1945 sarautar ta bi shi kabari. Haka ta Marlborough za ta yi a 1722 ba don dokar 1706 ba. Hasali ma ɗaya daga cikin sarautun John Churchill haka ta yi: sarkin daular Jamusawa ya naɗa shi yariman Mindelheim, wadda maza kaɗai ke gada, ta ƙare da mutuwarsa.

DanKurmi78: To in koma wa abokina in ce masa me? Marlborough ce kaɗai togaciya?

Lauya_Zazzau: A'a, akwai wasu. Mountbatten, wanda ya yi wakilin sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya kafin 'yancin kai, mata biyu gare shi, sai aka rubuta a takardar naɗinsa ta 1947 cewa za su iya gada. Da aka kashe shi a 1979 'yarsa Patricia ta gaje shi har ta rasu a 2017, ɗanta ya ɗauka. Tsoffin sarautun Sikotilan da dama suna bin mace idan babu namiji, kamar ta Mar. Da dokar 1999 ta kori masu gado daga majalisar iyayen ƙasa aka bar 92, ita mai sarautar Mar ɗin tana cikin waɗanda suka rage, kuma da ta yi ritaya a 2020 ba sauran mace a cikinsu. Akwai kuma tsoffin sarautun Baron na Ingila da idan mata zalla aka bari, sai sarautar ta rataya a tsakaninsu, wani lokaci ɗaruruwan shekaru, har sai an samu magaji guda.

Hafsat_Kaduna: Amma ai an gyara a 2013, ko ba haka ba? Na tuna ana ta maganar kafin a haifi ɗan Yarima William.

Lauya_Zazzau: Na gadon sarautar ƙasa kaɗai aka gyara. Shi ya sa Charlotte, 'yar Yarima William, take gaban ƙanenta Louis a layi. Sarautun manyan gidaje ba a taɓa su ba, an sha kai ƙuduri majalisa ba ya wucewa. Dubi gidan Spencer ma: Diana da yayyenta mata biyu duk sun girmi ƙanensu Charles, shi ya gaji Althorp a 1992, kuma magajinsa shi ma yana da yayye mata uku.

Baba_Alhaji_Gwammaja: Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, a ce ba a duba hali ba a duba hankali, sai wanda ya riga fitowa. Ina amfanin dattawa in ba za a tambaye su ba?

Sadiq_Injiniya: Baba, amfaninsa ɗaya ne: ba a faɗa. Daga 1733 zuwa yau an yi Duke goma a gidan nan, ba a taɓa zuwa kotu kan wane ne zai hau ba. An samu nagari an samu almubazzarai, amma kowa ya san magaji tun yana zanen goyo.

Baba_Alhaji_Gwammaja: Ba a faɗa don ba su da talakawan da za su mulka, ɗana. Suna ne da gida. Da alƙalanci da haraji na hannunsu da ka ga faɗa.

Hafsat_Kaduna: Ba a faɗa don waɗanda aka tsallake ba a ba su bakin magana ba, Yaya Sadiq. Ni har yanzu ina kan 'ya'yan Henrietta biyu. Uwarsu ce mai sarautar, suna raye aka ɗauke ta aka kai gidan ɗan innarsu. Malam Tarihi, ina zuriyarsu take yanzu?

Malam_Tarihi: Babbar, matar Duke na Newcastle wanda ya yi firayim minista, ba ta haihu ba. Ƙaramar, Mary, tana 'yar shekara tara ko goma uwar ta rasu. A 1740 ta auri Duke na Leeds, ɗanta ya gaji waccan sarautar har ya yi ministan harkokin waje. Ita sarautar Leeds ɗin maza zalla take bi, kuma ta ƙare a 1964 da namiji na ƙarshe ya mutu babu magaji, alhali Duke na 11 da ya rasu shekara guda kafin nan ya bar 'ya mace.

Ummu_Khairat: Ita ma aka tsallake ta?

Malam_Tarihi: Ita ma, Hajiya. Ta gaji dukiyar mahaifinta, sarautar kuwa aka rufe littafinta.

DanKurmi78: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara ilimi. Yau da daddare zan kai wa abokina wannan duka. Malam Bature, idan kana da hoton rubutun nan na gindin hasumiyar ka turo mana, ina so Lauya ya karanto mana ainihin inda aka ambaci sunayen matan.

Bature_Coventry: Yana tsohuwar wayata, bari in tashi daga aiki in duba.